Sabon Bugun Tsoffin Faifan Pank da Rok na Bayan Fage: Abin da Mai Tarawa Ya Kamata Ya Sani

Yau ba fim za mu taɓa ba, faifan garmaho ne a gabanmu, musamman tsoffin faifan kiɗan pank da rok na bayan fage da kamfanoni ke sake bugawa a yanzu. Na san wani zai ce, a zamanin da waƙa ke cikin waya wa ke ta faifai? To ga lissafi: a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, CD kuma miliyan 33, karo na farko ke nan tun 1987 da garmaho ya wuce CD a yawan ciniki. Kaso mai tsoka na wannan kasuwa tsoffin waƙoƙi ne da aka sake bugawa.

Ni kaina ta hanyar asara na koyi harkar nan. Kawuna ya bar min injin juya faifai da 'yan faifai a kwali, daga nan sha'awa ta shige ni. Na tara kuɗin gyaran waya na wata uku, na ga wani mai sayarwa a intanet ya sa kundin farko na The Clash, ya rubuta wai bugun farko ne na 1977. Na biya, wani abokina da ke dawowa daga Ingila ya riƙo min. Da na buɗe sai na ga tambarin Epic, ga kuma waƙar I Fought the Law a jerin waƙoƙin. Bugun Ingila na watan Afrilu 1977 tambarin CBS ne, kuma waccan waƙa sai a 1979 suka fitar da ita. Abin da ke hannuna bugun Amurka ne da ya fara fita a 1979, wanda aka cire wasu waƙoƙi aka sa wasu. Faifan mai kyau ne, har gobe ina jin sa, amma na biya kuɗin doki aka ba ni jaki.

Darasin da na ɗauka shi ne wannan: sabon bugu ba abin raini ba ne, ga irinmu ma shi ne hanya, amma dole ka san wane iri ne a hannunka, daga ina aka ɗauko sautinsa, kuma aljihun wa kuɗinka ya shiga.

Mene ne pank, kuma me ya sa faifansa ke wuya?

Turawa suna rubuta shi punk. A bakin Bahaushe yakan fito kamar fank, sai ya rikice da kiɗan su James Brown, alhali ba su haɗa hanya ba. Pank rok ne mai sauri da kaushi, jita tana ƙara, waƙa minti biyu ta ƙare, mawaƙi yana faɗin abin da ke cinsa ba tare da kwalliya ba. Ya bayyana sosai tsakanin 1974 da 1977 a Niyok da Landan. A Niyok matattararsa wani ƙaramin gidan rawa ne mai suna CBGB, da aka buɗe a 1973 aka rufe a 2006. A nan Ramones suka yi suna. Kundinsu na farko ya fita a Afrilu 1976 a kamfanin Sire, waƙa 14 cikin kusan minti 29, kuma dala 6,400 aka kashe wajen ɗaukarsa. A Ingila The Damned ne suka fara fitar da ƙaramin faifan pank, New Rose, a Oktoba 1976, Sex Pistols suka biyo baya a Nuwamba.

Rok na bayan fage kuwa shi ne wanda rediyo da manyan kamfanoni ba su waiwaya ba a lokacinsa. Iyayen gidan pank suna cikinsa, irin su The Velvet Underground, The Stooges da MC5.

Dalilin wuyar faifan a fili yake: kaɗan aka buga tun farko. Yaran ba su da kuɗi, ba su da kamfani. The Saints na Brisbane a Ostireliya kwafi 500 suka buga na (I'm) Stranded a 1976. Buzzcocks na Mancesta sun ranci kusan fam 500 a wajen dangi da abokai suka buga kwafi 1,000 na Spiral Scratch a Janairu 1977, a kamfanin da suka ƙirƙira da kansu, New Hormones. Wani kuma da gangan aka lalata shi. Kamfanin A&M ya ɗauki Sex Pistols a Maris 1977, ya buga kwafi 25,000 na God Save the Queen, ko mako ba a yi ba ya kore su ya farfasa kusan duka. 'Yan ƙalilan da suka tsira yanzu ana sayar da guda ɗaya sama da fam 10,000. Juya wannan zuwa naira ka ga dalilin da ya sa muke maganar sabon bugu.

Kalmomi shida da za su tsare maka aljihu

Masu sayarwa da Turanci suke rubutu, don haka zan kawo kalmar tasu tare da yadda nake kiranta.

1. Bugun farko. Shi suke rubutawa first pressing ko original. Kwafin da aka fara fitarwa, a ƙasar da aka fara fitarwa. Shi ne mai tsada.

2. Ƙarin bugu, wato repress. Na farko ya ƙare a kasuwa, kamfanin ya ƙara buga wani ba da jimawa ba, kusan ba tare da canji ba. Sauti ɗaya, kuɗi ƙasa.

3. Sabon bugu, wato reissue. Bayan shekaru aka sake fitar da kundin, wani lokaci kamfani daban ne ya sayi izini. Spiral Scratch ɗin da na ambata an sake fitar da shi a 1979, sannan kamfanin Domino ya sake a 2017 da ya cika shekara 40.

4. Gyaran sauti, wato remaster. An ɗauko sautin da aka riga aka haɗa, an daidaita ƙarfinsa da kaifinsa. Kamar a wanke tsohon fim ne, ba a taɓa labarin ba.

5. Sake haɗawa, wato remix. Nan an koma kan murya da jita da ganga ɗaya bayan ɗaya an sake jera su. Wannan yana canza kundin sosai. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne Raw Power na The Stooges. Na 1973 David Bowie ne ya haɗa shi. A 1997 Iggy Pop, mawaƙin ƙungiyar, ya sake haɗawa da kansa, ya ƙure ƙarar har sautin yana tsagewa. A 2010 aka dawo da haɗin Bowie. Suna ɗaya, hoto ɗaya, amma in ba ka duba ba za ka sayi wanda ba shi kake nema ba.

6. Bugun ɓoye da jabu. Abu biyu ne. Bugun ɓoye, da suke cewa bootleg, shi ne a fitar da abin da mai shi bai ba da izini ba, kamar waƙoƙin gwaji ko abin da aka naɗa a wajen wasa. Akwai wani na Sex Pistols mai suna Spunk da ya shiga shagunan Landan a 1977 kafin ma kundinsu na gaskiya ya fito, sai bayan shekaru aka fitar da shi a hukumance. Jabu kuwa, counterfeit, shi ne a kwaikwayi bugun farko har kwalinsa don a yaudare ka. Ƙananan faifan Misfits na farko suna cikin waɗanda aka fi yi wa haka. Wasu masu sayarwa sukan rubuta unofficial, to duk inda ka ga wannan, ba izini.

Daga ina sautin ya fito?

Ga yadda ake yin faifai a taƙaice. A situdiyo ana ɗaukar waƙa a kan babban tef, shi ne uwa. Daga shi injiniya yake yanka tsagi a kan wani faranti mai laushi. Daga farantin ake yin hatimin ƙarfe, hatimin ne yake danne narkakkiyar roba ya fitar da faifai. Sabon bugu mai kyau yana komawa kan uwar tef, ko kwafinta mai inganci na kwamfuta. Maras kyau kuwa CD kawai ake ɗauka a juye, ko ma waƙar da aka sauke daga intanet.

Ba kullum uwar take nan ba. Ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya na Universal a Hollywood, kuma sai a 2019 jaridar New York Times ta bayyana yawan tef na asali da suka ƙone a ciki. Ƙananan kamfanonin pank kuwa da yawa sun mutu ba a san inda tef ɗinsu ya shiga ba. In haka ta faru, ana neman kwafin faifan da ya fi tsabta a ɗauki sautin daga jikinsa a goge ƙaiƙayin. Wannan ba laifi ba ne, in dai an faɗa maka. Kamfani mai mutunci yakan rubuta daga inda ya ɗauko da sunan injiniyan.

Kada rubutun talla ya ruɗe ka. A Yuli 2022 ta bayyana cewa Mobile Fidelity, kamfanin da masu tara faifai suka fi yarda da shi wajen sauti, ya yi shekaru yana bi ta kwamfuta a wasu faifansa alhali masu saye sun ɗauka daga tef kai tsaye ake yanka su. Magana ta kai kotu, aka sasanta a 2023. Abin dariyar, da yawa cikin masu cewa kunnensu na bambance na kwamfuta da na tef sun yi shekaru suna yabon faifan ba su gane ba. Haka ma takardar da ake mannawa ta gram 180. Nauyin roba ne kawai, yana sa faifai ya yi ƙwari a hannu, amma zurfin tsagi da kyan sauti tun wajen yanka aka gama su. Faifai mai launi, ja ko kore, ado ne. Mai hoto a jikinsa kuwa yawanci ya fi baƙin surutu.

Sannan ka tuna kiɗan da muke magana a kai. Kundin da aka ɗauka cikin kwana biyu a ƙaramin ɗaki ba zai taɓa yin sautin fim ɗin Indiya ba. Kaushin yana cikin daɗinsa.

Faifan da sabon bugu ya tono

Wannan ne ɓangaren da ya fi burge ni, don akwai ƙungiyoyin da ba don sake bugawa ba da ko sunansu ba mu ji ba.

Abin ya samo asali tun kafin pank ɗin kansa. A 1972 kamfanin Elektra ya fitar da Nuggets, faifai biyu masu waƙa 27 na ƙananan ƙungiyoyin Amurka na 1965 zuwa 1968. Lenny Kaye ne ya zaɓo su, wanda daga baya ya zama makaɗin jitar Patti Smith, kuma a bayanin da ya rubuta a kwalin ya yi amfani da kalmar punk rock. Sire ya sake buga shi a 1976, daidai lokacin da yaran Niyok da Landan ke neman abin koyi. A 1998 Rhino ya faɗaɗa shi zuwa CD huɗu. Ka ga ke nan tarin tsoffin waƙoƙi yana cikin abin da ya haifi sabon kiɗa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai Death, 'yan'uwa uku baƙar fata daga Ditroit: David, Bobby da Dannis Hackney. Sun ɗauki waƙa bakwai a 1975, kafin kundin Ramones ya fito. Masu kamfani sun nemi su canza sunan, wanda ke nufin mutuwa, David ya ƙi. Suka buga ƙaramin faifai kwafi 500 da kansu a 1976, daga nan shiru. David ya rasu a 2000, amma kafin nan ya damƙa wa Bobby tef ɗin ya ce ya adana, za a zo nema. 'Ya'yan Bobby ne suka gano masu tarawa na biyan ɗaruruwan daloli a kan faifan babansu. A 2009 kamfanin Drag City ya fitar da waƙoƙin bakwai da sunan For the Whole World to See. Masu son fim ku nemi A Band Called Death na 2012, labarin ne gaba ɗaya.

Akwai Los Saicos na Lima a ƙasar Peru, da suka yi Demolición a 1965, shekara goma kafin Landan ta san pank. Kamfanin Munster na Sifen ya tattara waƙoƙinsu a 2010. Akwai The Monks, tsoffin sojojin Amurka da suka zauna a Jamus suka fitar da Black Monk Time a 1966, Light in the Attic ya sake bugawa a 2009. Akwai Bad Brains na Washintan, su ma baƙar fata, waɗanda kundinsu na farko a 1982 a kaset kawai ya fito. The Velvet Underground kuwa, a 2002 wani ya tsinci farantin gwajinsu na 1966 a kasuwar gefen titi a Niyok a kan santi 75, aka sayar da shi dala 25,200 a 2006. A 2012 aka fitar da sautin wannan faranti a hukumance, kowa ya samu.

Afirka ma tana ciki

Kada ka ɗauka harkar ta Turai da Amurka ce kawai. A Johannesburg an yi National Wake, ƙungiyar pank ta baƙi da farare a zamanin wariyar launin fata, lokacin da haɗuwar tasu kanta abin tuhuma ce. Kundi ɗaya suka fitar a 1981, kuma Light in the Attic ya tattara aikinsu a 2013 da sunan Walk in Africa.

A Zambiya an yi rok mai kaushi a shekarun 1970 da ake kira Zamrock. Kamfanin Now-Again na Amurka ya sake buga kundayen WITCH a 2012, sannan Day of Judgement na Ngozi Family da Africa na Amanaz. Jagari Chanda, mawaƙin WITCH, haƙar duwatsu masu daraja yake yi kafin wannan. Sabon bugun ya mayar da shi kan dandamali, har suka fitar da sabon kundi, Zango, a 2023.

Mu ma a Najeriya muna da namu. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 samari a Legas da garuruwan gabas suka rungumi jita. Ofege 'yan makarantar St. Gregory's ne a Legas lokacin da EMI ya fitar da Try and Love a 1973, Odion Iruoje ne ya shirya shi. BLO sun fitar da Chapter One a shekarar. Ga The Funkees, ga The Hygrades na Inugu. Kamfanin Soundway na Ingila ya tattara irin waɗannan a Nigeria Rock Special a 2008 da The World Ends a 2010. Now-Again ya fitar da Wake Up You! a 2016 tare da littafin tarihin da Uchenna Ikonne ya rubuta. A Nijar kuma, kaset ɗin da Mamman Sani ya yi da ogan a 1978, duk da ba rok ba ne, hanya ɗaya ya bi: Sahel Sounds ya sake buga shi a faifai a 2013.

Abin lura a nan, ga waɗannan faifan mu ne a bakin rijiya. Bugun farkon da Bature ke nema ido rufe yana iya kasancewa a ƙarƙashin gadon wani dattijo a Sabon Gari ko a ɗakin ajiyar wani tsohon otal. In ka ci karo da irinsu kada ka yi gaggawar sayarwa, ka fara bincika darajarsu.

Yadda za ka gane abin da ke hannunka

Babban makamin mai tarawa shi ne Discogs, rumbun bayanan faifai da aka kafa a 2000. Kusan kowane bugu yana da shafinsa da hotuna da farashin da aka saya a baya. Ga abin da nake dubawa:

Lambar kundi da tambari. Kowane bugu yana da lamba a ƙashin kwali da kan takardar tsakiyar faifan. Ka gwada ta da ta shekarar da ake iƙirari.

Rubutun gefen tsakiya. Tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai fili mai santsi. Karkata faifan a haske za ka ga lambobi da haruffa da aka zana ko aka buga. Su ne shaidar hatimin da ya fitar da shi. Wasu injiniyoyi har sa hannu suke yi. George Peckham, wanda ya yanka faifan pank da yawa a Ingila, yakan rubuta laƙabinsa Porky a wajen. Masu jabu sun fi kasa kwaikwayon wannan.

Zanen layi-layin da ake haskawa a kanti. Sai ƙarshen shekarun 1970 ya fara hawa kwalin faifai, ya yaɗu a shekarun 1980. Faifan Ingila da aka ce na 1977 ne kuma yana da shi, ƙarya ce. In ka ga adireshin intanet a kwalin kuwa, magana ta ƙare.

Jerin waƙoƙi. Shi ne ya tona asirin nawa. Ka ƙirga, ka gwada.

Hoton kwali. Na jabu yakan yi dishi-dishi, don hoton tsohon kwali aka ɗauka aka sake bugawa, wani lokaci har da tsagewar tsohon a ciki.

Matakin lafiya. Masu sayarwa suna amfani da haruffa. M shi ne wanda ba a taɓa ba, NM kusan sabo, VG+ an ji shi amma da kula, VG akwai ɗan surutu da ƙarce, G kuwa duk da sunan yana nufin mai kyau, ya sha wuya. Ana ba faifai nasa matakin, kwali nasa. Ni ba na sauka ƙasa da VG+ sai in faifan ba ya samuwa. Kuma ka nemi hoton ainihin kayan, har da gefen tsakiya, kafin ka tura ko sisi.

Wa ya ci kuɗin?

Mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar CD ta Kannywood ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yawancin mutanen da suka yi waɗannan faifan ba su samu komai ba a lokacinsu. Sabon bugu mai izini shi ne damarsu ta biyu, ko ta magadansu. Jabu da bugun ɓoye suna ƙwace wannan damar.

Ban ce maganar ba ta da sarƙaƙiya ba. Jerin Killed by Death da ya fara fita a 1989 ba da izinin kowa aka yi shi ba, amma shi ya tono ƙananan ƙungiyoyin pank masu yawa da aka manta, har sunansa ya zama sunan wannan nau'in faifan. Wasunsu ta dalilinsa aka neme su aka yi musu bugu na halal. Duk da haka, in akwai mai izini a kasuwa, ban ga hujjar sayen na ɓoye ba.

Alamar mai izini ita ce za ka ga an rubuta daga wa aka karɓi lasisi, akwai sunan kamfani da adireshinsa, sau da yawa akwai hira da mawaƙan da hotunan da su suka bayar. Kamfanonin da na ambata, Light in the Attic, Now-Again, Soundway, Drag City, Munster, Rhino, sun yi suna wajen haɗa faifai da bayani. Dischord na Washintan, wanda Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa a 1980, shi kuma tsarinsa shi ne ya ci gaba da buga tsoffin faifansa, irin na Minor Threat, a farashi mai sauƙi, don kada yaro ya je hannun 'yan kasuwa.

Ka yi hattara da kalmar limited, wato an buga kaɗan. Tun 2008 ake yin ranar shagunan faifai a watan Afrilu, Record Store Day, inda ake fitar da bugu na musamman. Wasu sukan saye su da safe su ninka kuɗin da yamma. Ka yi haƙuri, sau da yawa farashin yana sauka, ko a sake buga shi a baƙar roba.

Ajiya a ƙasarmu

Faifai roba ne, zafi kuma maƙiyinsa ne. Kada ka bar shi a mota, ko jikin taga, ko saman kabad a ɗakin kwano a watan Afrilu. In ya lanƙwashe da wuya ya dawo. A tsaye ake jera shi kamar littattafai, ba a ɗora wani kan wani.

Lokacin hunturu ƙura ce matsala, ga bushewar iska da ke sa faifan ya riƙa janyo ta. Ka goge shi da buroshi mai laushi kafin ka ɗora allura, ka bi zagayen tsagin. In wanki ya kama, tataccen ruwa da ƙyalle mai laushi, kada ruwan ya taɓa takardar tsakiya. Ban da kalanzir, ban da omo. Da damina kuma danshi yana kawo fumfuna, gara tana cin kwali, don haka ka ɗaga su daga ƙasa, ka raba su da bango.

Wajen inji, ka kula da wuta. Tamu bolt 230 ce mai bugawa 50, ta Amurka 120 mai bugawa 60. Injin Amurka in ka jona shi kai tsaye zai ƙone, kuma wasu tsoffin ko ka sa musu taransifoma za su riƙa juyawa a hankali, waƙar ta ja jiki. Na Ingila ko Turai ya fi dacewa da mu. Ka haɗa da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta da janareto. Babban faifai mai inci 12 yawanci a gudun 33 yake, ƙarami mai inci 7 a 45, amma faifan pank sukan saɓa, ka duba takardar. Allurar da ta cinye tana yanka tsagi, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Gara ka sayi sabuwar allura kafin ka sayi faifai na biyar.

Ta ina za ka fara?

Ka fara ji a waya tukuna, kyauta ne ko kusan haka. Abin da ka ji sau goma bai gundure ka ba, shi ya cancanci kuɗin jirgi, don sau da yawa kuɗin aikowa yana kamo kuɗin faifan. In kuna da yawa ku haɗa oda ɗaya, ko ku jira mai dawowa daga tafiya, a sa faifan a jakar hannu tsakanin kwali biyu masu tauri.

In ni za ka tambaya, biyar ɗin farko su ne Nuggets don ka san tushe, kundin farko na Ramones, Germfree Adolescents na X-Ray Spex na 1978 wanda Poly Styrene, 'yar wani ɗan Somaliya, ta rera, sai na Death, sannan Try and Love na Ofege don na gida. Duka an sake buga su, kuma kuɗin biyar ɗin bai kama ƙafar bugun farko ɗaya na ƙaramin faifan Death ba.

The Clash ɗina na Amurka yana nan a jere. Na rubuta shekararsa ta gaskiya a 'yar takarda na sa a cikin ledar, saboda duk wanda zai karɓe shi bayana ya san abin da ya riƙe. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.